Agogon Lawali da Filafilin Malam

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya san abin da ke cikin ƙirji tun baki bai furta ba. Hadiza 'yata, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara don ki rufa mini asiri. Ni ban san baƙi ba, ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma na san abin da ya faru a gidanmu na Argungu shekarar da agogon nan ya shigo, kuma cikin waɗanda suka sani ni kaɗai na rage. Wannan babi na 'ya'yan ɗana ne, Shafa'atu da Manu. Musamman kai Manu, mai sunan kakanka. Kwanan baya ina kwance a ɗaki nan unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, kana tsakar gida da abokinka kuna zaton barci nake, na ji ka ce ba ka son a kira ka da sunan tsohon da ya zauna gida don fushi ya bar ubanka ya nutse. Na juya fuskata ga bango na yi kuka har aka kira la'asar. Abin da ka faɗa shi kowa ke faɗa shekara da shekaru, kuma ba gaskiya ba ne.

Ubanku ɗana ne na fari, don haka ban taɓa kiran sunansa da bakina ba yana raye. "Kai" nake ce masa, in kuma ba ya nan in ce "wancan". Yau zan faɗa, tunda takarda ba ta san kunya ba: Lawali. Mu Sarkawa ne, masunta tun kaka da kakanni, gidanmu jifa ɗaya ne daga bakin gulbi. Mijina, kakanku Malam Manu, wanda nake kira Malam, ya san gulbin nan yadda na san madafina. Yakan tsaya a gaɓa ya dubi launin ruwa, ya tsoma ƙafa zuwa ƙauri, ya ce yau a shiga, ko ya ce yau kowa ya koma gida ya yi gyaran taru. Gidan yana da doka guda wadda ba a wasa da ita: ba mai shiga zurfi sai da gora, wato babbar ƙwaryar nan mai ƙaramin baki da masunci ke kifa ciki a kanta ya yi yawo bisa ruwa, kuma sai da idon wani a kansa. Malam ya rasa ƙanensa a ruwa tun suna samari, shi ya sa.

Lawali yana ƙarami aka yanke mana jiha. Mutane suka yi ta kwarara Birnin Kebbi neman aiki, shi ma da ya gama karatunsa can ya samu nasa, ya auri uwarku Luba, ya bar ta wurinmu a Argungu yana zuwa duk ƙarshen mako. Amma ruwa bai fita jikinsa ba. Wata shekara a gasar ninƙaya da ake yi lokacin bikin kamun kifi, wani mai horar da 'yan wasa da ake kira Malam Bala ya gan shi, ya bi shi har gida. Shi ya kawo mana labarin wata gasa da ban taɓa ji ba: mutum ya yi ninƙaya, ya fito da jiƙaƙƙen jiki ya hau keke, ya sauka daga keken ya kama gudu, duk ba hutu.

Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"To, wa ka korar shi?"

Aka yi dariya, har da Malam Bala. Amma Lawali ya riƙe abin da hannu biyu. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai hau kekensa daga Birnin Kebbi ya taka har Argungu, ya iso baƙi wuluk da zufa, sanye da wani matsattsen wando da nake kawar da kai in na gani. Asabar da Lahadi da safe ya shiga gulbi, da yamma ya bi hanyar Augie da gudu tsakanin gonakin shinkafa, manoma na ɗaga masa hannu suna tambaya ko lafiya. Matsalar guda ce: a wannan gasar ba a shiga ruwa da gora. Suka yi kwana uku shi da ubansa ba sa cin tuwo a kwano ɗaya. A ƙarshe Malam ya sauko, ya ce tunda gora ba za ta shiga ƙarƙashin cikinsa ba, to za ta bi shi a jirgi. Daga nan duk safiyar da Lawali zai yi ninƙaya, Malam zai ɗauki filafilinsa, wato katakon tuƙin jirgi, ya jefa gora cikin jirgi ya bi shi a gefe. Shekara biyu suna haka. Nakan tsaya a gaɓa wani lokaci in hango su, kan ɗa a cikin ruwa kamar ƙwallon goruba, uba a tsugune a gindin jirgi yana masa faɗa.

A shekara ta uku aka zaɓe shi cikin waɗanda za su je gasa ta ƙasa can kudu. Malam Bala ya ce yanzu wasa ya ƙare, sai da agogo na musamman, irin wanda ke auna nisan da mutum ya yi da saurinsa. Ya samo guda biyu ya ba Lawali ya gwada mako guda, ya zaɓi ɗaya ya mayar da ɗaya. Ranar da Lawali ya kawo su gida ba zan manta ba. Bayan la'asar ce, ina tsince shinkafa a faifai, Luba na yi wa Shafa'atu kitso, kai Manu kana goye a bayanta. Ya shimfiɗa hularsa a tabarma ya ɗora su a kai kamar ƙwai.

Na farko ƙarami ne, baƙi, mara nauyi. Yana da wata ɗamara da ake ɗaurawa a ƙirji, tana ƙirga bugun zuciya tana gaya wa agogon. Lawali ya ce wannan ya fi daɗi a hannu wajen gudu da keke, kuma yana gaya wa mutum in ya matsa wa zuciyarsa fiye da kima. Aibinsa shi ne ba ya son ruwa sosai, sai a cire shi kafin a shiga gulbi. Na biyun kuwa ƙato ne, kusan girman gwangwanin tumatir, da madauri ruwan lemo. Shi yana shiga ruwa, yana daɗewa bai nemi caji ba, kuma madanni guda za ka taɓa ya san ka bar ninƙaya ka hau keke, ka sake taɓawa ya san ka fara gudu. Aibinsa nauyi, ga shi sai ka tsaya a fili ka jira shi ya gama gaisawa da sama kafin ya fara aiki.

Na ce, "Gaisawa da wa?"

Ya ce, "Inna, akwai taurarin da ɗan'adam yah harba sama. Da su shika magana. Duk inda nike, ko tsakiyar gulbi, ya san wurin. Ba shi ɓata."

Na ajiye faifai. Na ce, "Ko cikin ruwa?"

"Ko cikin ruwa, Inna. In na hito, sai shi zana hanyar da nib bi, awa zare."

Malam yana gefe yana ɗinkin taru, bai ɗago kai ba ya ce:

"Ɗauki ƙaramin."

"Baba, ƙaramin ba shi shiga ruwa."

"Shi yas sa nic ce ka ɗauke shi. Ya san iyakatai. Bisa tudu shi tsare ka, cikin ruwa ni in tsare ka. Kowa da aikinai."

Luba ta ce ita dai mai ɗamarar ya fi mata, don tana son a riƙa sauraron zuciyar mijinta, ko a san wa ke ciki. Lawali ya jefe ta da hula. Mako guda ana wannan muhawara. Ya yi gudu da ƙaramin ya dawo yana yabonsa, ya shiga gulbi da babban ya fito yana nuna mana wasu lambobi da ba wanda ya gane. Ya ce Malam Bala ya gaya masa wanda rauninsa ke gudu ya ɗauki mai ƙirga zuciya, wanda yake son abu guda daga farkon gasa zuwa ƙarshe ya ɗauki mai shiga ruwa. Shi kuwa ninƙaya ce ƙarfinsa, gudu ne rauninsa, kuma can cikin ransa ƙaramin yake so. Ranar Lahadi da zai koma, ya kasa yankewa. Ya zo ƙofar madafi ya tsuguna da su a tafin hannu.

"Inna, ke zaɓa mini. Wanda kin nuna shi za ni ɗauka."

Ku ji dalilina, don ba kyan madauri na bi ba. A wannan shekarar Malam ya kamu da tari. Tun sanyi yake yi, har ya fara tofar da abin da ba na son gani. An kai shi asibiti, likita ya ce ya nisanci sanyin safiya da raɓar gulbi. Malam ya ji ya ce to, washegari ya ɗauki filafili. Ina kallon mijina yana ƙarewa saboda bin ɗansa, ina kallon ɗana ba zai bar ruwa ba. Sai ga abu an kawo wanda aka ce ya san inda yaron yake ko a tsakiyar gulbi, yana magana da sama. A hankalina na mace da ba ta yi boko ba, wanda ya san inda kake ai ba zai gan ka cikin wahala ya yi shiru ba. Haka na san mutane, haka na san ko kare. Na ɗauka in wani abu ya faru agogon zai gaya wa na saman, na saman su gaya wa Malam Bala, a zo. Ban tambaya ba. Da na buɗe baki na tambaya sau ɗaya, da Lawali ya yi dariya ya ce a'a Inna, ba haka yake ba, shi dai rubutawa yake ya ajiye a cikinsa. Amma ban tambaya ba, don na samu amsar da nake so.

Na nuna babban.

Malam ya dube ni, ya dubi agogon, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Daga nan na fara yi wa Malam magiya. Kullum sai na ce ya huta, ga abu a hannun yaro mai tsaronsa. Ya ce abin da bai taɓa shan ruwan gulbin nan ba ba zai tsare masa ɗa ba. Shi ma Lawali agogon ya canza shi. Da, ubansa ne ke cewa ya isa, fito. Yanzu sai ya ɗaga hannu ya duba ya ce saura kaza. Da, inda jirgi ya nufa nan yake bi. Yanzu yana son miƙaƙƙiyar hanya don lissafin ya fita daidai, ubansa kuma yana kauda shi daga wata kwana da muke kira Gindin Kanya, inda ruwa ke juyawa a ƙasa, yana tara duk abin da ya kwaso.

Gasa ta rage mako biyu, damina ta fara. Ranar wata Juma'a da yamma suka yi faɗan da kowa ya ji. Lawali ya ce gobe zai yi cikakken nisan gasa ba tsayawa, kuma kada jirgi ya riƙa tare masa gaba. Malam ya ce sai ya ga ruwan tukuna, don an yi hadari can gabas kwana biyu. Lawali ya ce Baba kullum sai ka ga ruwa, ni kuwa kwanaki na tafiya. Murya ta hau. Malam ya miƙe, tari ya sarƙe shi, da ya samu numfashi ya ce da ƙarfi:

"To, tunda agogonka ya hi ni sanin gulbi, gobe shi bi ka!"

Luba ta ji. Maƙwabta ta bayan danga sun ji. Wannan maganar ita ce aka riƙe har yau, ita aka ba ku kuka girma da ita. Amma ni da na zauna da shi shekara talatin na san fushinsa ba ya kwana. Kafin magariba na gan shi yana duba gorar ko ta tsage, ya jingina filafili a bakin ƙofar ɗakinsa inda yake ajiye shi in zai fita da sassafe.

Da asuba aka yi yayyafi, gari ya yi sanyi. Malam ya tashi yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, ya yi alwala suka tafi masallaci shi da ɗansa. Na fito na ga filafilin nan a jingine. Hadiza, rubuta wannan da kyau. Ni na ɗauke shi. Da hannuna na ɗauke shi, na naɗe shi cikin tsohuwar tabarma, na tura ƙarƙashin gadona. Na ce a raina yau dai guda ya kwanta, yaro yana da agogo.

Suka dawo, gari ya fara wayewa. Lawali ya sa kayansa, ya tsaya tsakar gida ya ɗaga hannu sama yana jiran agogon ya gama gaisuwarsa. Malam ya je bakin ƙofa ya lalubi bango.

"Ina filafilina?"

Na ce, "Ban gani ba."

Ƙaryar da na yi masa ke nan, ta farko kuma ta ƙarshe. Ya duba bayan rumbu, ya duba zaure. Agogon ya yi ƙara alamar ya shirya. Lawali ya zo ya tsuguna gaban ubansa, don shi ma fushinsa ya huce.

"Baba, yi haƙuri da maganar jiya. Ka kwanta yau, ka ji yadda kake tari. Zuwa ɗaya za ni yi in komo."

"Jira ni. In aro na Ɗanjuma."

"Rana za ta hito, Baba. Ka iske ni can."

Ya leƙo madafi ya ce, "Inna, a dama mini kunu mai kauri, yau da yunwa za ni komo." Na ce to. Ban ko ɗaga kai na dube shi da kyau ba, ina hura wuta.

Malam bai kwanta ba. Ya fita neman aro. Ɗanjuma maƙwabcinmu ya riga ya tafi da nasa, na gaba da shi ma haka, sai a gida na huɗu ya samu wani tsohon filafili mai tsagaggen baki. Ni duk ina zaton zai gaji ya dawo. Daga baya masu wanki a gaɓa suka ba ni labari: ya iso yana haki, ya dubi ruwan sau ɗaya, ya saki salati. Ruwan ya juya ja. Sabon ruwa ya sauko daga gabas cikin dare, irin wanda ke tsinke tarun mutane ya kwaso rassa ya tafi da su ta ƙasa, sama kuwa lumui kamar ba komai. Wanda ya san gulbi ba ya tsoma ko yatsa a irin wannan rana. Da Malam yana wurin sa'ad da Lawali ya iso gaɓa, da ko da kokawa ba zai bar shi ya shiga ba. Suka ce ya tura jirgi yana ƙwala kiran sunan ɗansa, tari na yanke kiran.

Ni ina gida, kunu ya yi sanyi na sake ɗumama shi. Da na ji kururuwa daga gaɓa, abin da na fara cewa Luba shi ne kada ta ji tsoro, agogon ya san inda yake, yanzu za a zo. Ina ta faɗin haka har azahar. Har na aika a kira Malam Bala a waya, na ce a tambaye shi me na saman suka ce. Da ya iso daga Birnin Kebbi na tare shi a zaure na riƙe rigarsa, abin da ban taɓa yi wa namiji ba.

"Agogon bai gaya muku ba? Ina yac ce shike?"

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"Inna, ba shi gaya ma kowa. Ba shi da baki. Sai an same shi an buɗe."

A nan na sake rigarsa, na zauna a ƙasan zauren.

Washegari da hantsi Sarkawa suka fito da shi a Gindin Kanya, naɗe cikin wani tsinkakken taru da ruwa ya kwaso daga wani gari. Agogon na hannunsa. Masu wanka suka cire suka ba Malam Bala, aka yi masa sutura aka kai shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ruwan nan ya zama shahada gare shi.

Bayan addu'ar bakwai Malam Bala ya dawo da wata kwamfuta mai ninkewa. Ya ce bai sani ba ko muna son gani, amma bai ga ya dace ya gani shi kaɗai ba. Malam ya ce a buɗe. Sai ga gulbinmu kamar tsuntsu ne ya zana shi, ga wani jan zare ya tashi daga gaɓarmu, ya miƙe sambal, kyakkyawa, ba karkata. Malam ya ɗora yatsa yana binsa. Ya ce nan ya wuce mashaya, nan ya wuce tsibiri, nan ne da na tare shi. Zaren ya shiga kwanar, ya murɗe, ya dunƙule wuri guda kamar zaren da kaza ta tattaka. Daga nan bai ƙara gaba ba. Malam Bala ya ce agogon ya ci gaba da rubuta wurin nan guda, duk sa'ad da ya iya, har batirinsa ya ƙare. Wato duk lokacin da muke gudu a gaɓa muna kira, masu jirage na caccakar ruwa a can ƙasa inda ba ya nan, abin nan ya san inda ɗana yake. Lawali bai yi mini ƙarya ba. Ya sani. Sani ne kawai ba tausayi.

Magana ta bazu a gari cewa Malam ya yi rantsuwa ba zai bi shi ba, ya zauna, sai da ya makara ya fito. Luba ta daina gaishe shi sai da ido a ƙasa. Dangi suka riƙa magana ƙasa-ƙasa in ya wuce. Ina jira ya ce filafilinsa ne ya ɓata, bai ce ba. Ɗanjuma da ya san ya zo aro ya so ya yi magana, Malam ya hana shi, ya ce me zai mayar. Ni kuwa kullum sai na ƙudura zan faɗa, in na buɗe baki sai in fasa.

Ranar da aka yi arba'in, da yamma mutane sun watse, ya shigo ɗakina ya zauna a bakin gado, daidai saman tabarmar. Sannan ya ce:

"Filafilin nan, bar shi inda kis sa shi."

Na faɗi ƙasa na kama ƙafafunsa. Ya ce tun ranar ya sani, don ya ga sawun jiƙaƙƙen bakin filafilin a ƙasa daga ƙofarsa zuwa tawa, amma sai bayan ya dawo daga gulbi ya lura. Na ce zan fita in tara mutane in faɗa. Ya ce:

"Ba ki faɗi. Don ni kinka yi, na sani. Ni ba ni daɗewa, kin ji tarin ga. Ke za ki rena ɗiyan ga ke da Luba, kwano guda. In ta san wanga abu, ba ta ƙara cin abin hannunki, ɗiyan su tashi ba kaka. Ni in sun ƙi ni, kabari sunka ƙi. Kabari ba shi jin zahi."

Bai ƙara shiga gulbi ba. Bai kai damina ta gaba ba. Ranar da zai cika, Luba ta kawo masa ruwa ta ajiye ta juya, ya bi ta da kallo har ta fita, ya dube ni ya girgiza kai kaɗan, wato kada in yi. Na yi shiru. Da wannan shirun na yi takaba, da shi muka tattara muka dawo Birnin Kebbi wurin Hadiza, da shi na goya ku na yi muku tatsuniya. Luba ta riƙe ni kamar uwar da ta haife ta har Allah ya ɗauke ta bara, tana wanke mini ƙafa, tana cewa ni ce kaɗai na so mijinta a gidan nan. Duk lomar da ta ba ni da sunan Malam na saye ta. Ban nemi gafararta ba, kuma yanzu ba hali. Wannan yana cikin abin da zan tarar.

Malam ya hana ni faɗa don ku tashi da kaka. Kun tashi. Shafa'atu tana ɗakinta, kai Manu gemu ya fito maka. Uzurin ya ƙare, ni ma na kusa. Ban faɗi wannan don ku ce Allah sarki tsohuwa ba. In kun ga ba za ku iya shigowa gaishe ni ba bayan kun karanta, ba zan ce kun yi laifi ba. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ko da jirgi goma a gefe, haka malamai suka gaya mini kuma na yarda. Amma kwanan ubanku daban, sunan kakanku daban. Shi bai zauna ba. Gida huɗu ya shiga da tari a ƙirji yana roƙon abin tuƙi. Manu, sunan da ke kanka sunan mutumin nan ne. Agogon yana wurin Hadiza cikin akwati, naka ne in kana so, ni ba na son ganinsa.

Kun sha tambayata me ke cikin tsohuwar tabarmar da na hana a taɓa, wadda na rungumo a mota daga Argungu, nakan ce kayan tsofaffi ne. Hadiza, ajiye alƙalamin haka nan. Durƙusa ki jawo ta daga ƙarƙashin gadon. Ki kira mini Manu, shi zai kwance.